Yadda Ake Zaɓen Takalmi Shafal Don Gudu Da Tattaki A Legas

Takalmin da nake nufi shi ne wanda ƙasansa siriri ne, dunduniyarsa ba ta da tudu, gabansa kuma na da faɗin da yatsu za su baje yadda suke so. Babu soso mai kauri a cikinsa, babu wani abu da aka cusa don ya tokare ramin tafin ƙafa. Takalmi shafal nake ce masa. Na daɗe ina gudu da tattaki da irinsa a garin nan, na kuma raka 'yan'uwa da dama kasuwa su saya. Kusan kullum abin da ke kayar da sabon shiga abu biyu ne: sayen takalmin da bai bi fasalin ƙafarsa ba, da ɗokin fara gudu tun ƙafar ba ta shirya ba.

Ƙafar mutum ɗaya na da ƙasusuwa 26 da gaɓoɓi 33, an kuma halicce ta ne don ta lanƙwasa, ta baje, ta ji abin da take takawa. Kambas na gudu da aka saba gani yakan ɗaga dunduniya sama da yatsu da milimita 8 zuwa 12, ya kuma ɗauke wa ƙafa rabin aikinta. Takalmi shafal tudunsa daga 0 ne zuwa 4, sai ya mayar wa ƙafa da aikin. Amfanin hakan gaskiya ne: wani bincike da aka yi a Jami'ar Liverpool ta Ingila, aka wallafa a 2021, ya nuna cewa waɗanda suka yi wata 6 suna harkokinsu na yau da kullum da irin wannan takalmi, ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kusan kashi 57 cikin 100. Haɗarin ma gaskiya ne: a 2013 an bi masu gudu 19 a Amurka da suka koma takalmin Vibram mai yatsu biyar cikin mako 10, sai hoton asibiti ya nuna alamun wahala a ƙashin ƙafar 10 daga cikinsu. Shi kansa kamfanin Vibram, a 2014 ya amince ya biya dala miliyan 3.75 don a kashe ƙarar da aka kai shi kan alƙawuran lafiya da ya yi a talla. Saboda haka duk mai ce maka takalmin nan maganin ciwon gwiwa da na baya ne, kayansa yake son sayarwa.

Akwai kuma waɗanda wannan bayani bai shafa ba sai da izinin likita: mai ciwon suga, musamman wanda ƙafarsa ta fara mutuwa ba ya jin taka abu, da wanda ya taɓa karaya ko tsagewar ƙashi a ƙafa, da mai ciwon dunduniya da bai warke ba. Haka masu dako a kasuwar Mile 12 da masu aikin gini. Wanda ke ɗauke da buhun albasa a ka, ko yake yawo a kan ƙusoshi da rodi, takalmi mai tauri yake buƙata a bakin aiki.

KAYAN DA ZA KA TANADA

- Farar takarda guda 2, irin ta buga takardu.
- Biro ko fensir.
- Rula mai santimita. In babu, ari tef a wurin tela.
- Kwali mai ɗan tauri (na katan ɗin taliya ya isa) da almakashi.
- Safar da za ka riƙa sawa da takalmin.
- Tsohon takalmin da ka fi yawan sawa.
- Ledar fiya wata guda ɗaya, za ka ga amfaninta a kasuwa.
- Waya, don hoton irin takalmin da kake nema.

MATAKI NA 1: Tantance inda za ka riƙa takawa

Kafin ka duba kowane takalmi, amsa wa kanka: tafiya ce ko gudu, kuma a kan wace irin ƙasa? Wannan shi zai yanke kaurin ƙasan takalmin, kuma a nan ra'ayina ya bambanta da na masu tallan intanet. Su a wurinsu duk wanda ya fi siriri shi ya fi kyau. Ba su taɓa bin layin unguwa a Agege bayan ruwan sama ba, inda fasasshiyar kwalba da ƙusa da tsakuwa ke ɓoye a cikin taɓo, ba su kuma taka kwaltar Oshodi da ƙarfe 2 na rana ba, lokacin da zafinta ke ratsa siririyar roba har tafin ƙafa.

Ga yadda nake rabawa. In tafiyarka ta cikin unguwa ce, zuwa masallaci, kasuwa, tashar mota, nemi mai ƙasa milimita 6 zuwa 10, mai roba mai tauri da zane-zanen riƙe ƙasa. In gudu za ka yi a wuri sumul mai tsabta, kamar harabar babban filin wasa na Surulere ko gadar Lekki zuwa Ikoyi, mai milimita 5 zuwa 7 zai yi, amma bayan ka saba. Mai milimita 3 ko 4 bar shi ga ɗakin motsa jiki da cikin gida. In kuwa shekara da shekaru kana gudu da kambas mai soso, kada ka yi tsalle ɗaya. Fara da na tsaka-tsaki irin na kamfanin Altra, wanda ba shi da tudun dunduniya, gabansa na da faɗi, amma yana da soso sama da milimita 20. Wannan ba shafal ba ne na sosai, gada ce.

MATAKI NA 2: Auna ƙafarka

Wannan shi ne matakin da ya fi kowanne, kuma shi aka fi tsallakewa, don kowa gani yake ya san lambarsa. Lambar 43 ta wannan kamfani ba ita ce 43 ta wancan ba. Tsakanin lamba da lamba a irin lissafin da muke amfani da shi a kasuwanninmu bai kai milimita 7 ba, kuma lambar tsawo kawai take faɗa, ba ruwanta da faɗi.

Yi awon da yamma, bayan la'asar ko magariba, don ƙafa takan ɗan kumbura bayan yini. Wanda ya auna da sassafe, da yamma takalmin zai matse shi.

Sa safarka. Ajiye takarda a kan siminti ko tayil, gefenta ɗaya a jikin bango. Tsaya a kai, dunduniya na taɓa bango, nauyinka a kan ƙafafu biyu. A tsaye, ba a zaune ba, domin ƙafa takan ƙara tsawo da faɗi idan ta ɗauki nauyi. Sa wani ya zagaye ƙafar da biro, ya riƙe biron a miƙe sak. In ya karkata shi ciki awon zai ragu, in ya karkata waje zai ƙaru. Yi wa ɗaya ƙafar ma, don da wuya su zo daidai, kuma da babbar ake aiki.

Auna daga bango zuwa yatsan da ya fi tsawo (ga wasu babban yatsa ne, ga wasu na kusa da shi). Ƙara santimita 1 zuwa 1.5 a kai. Misali, ƙafar da ta ba da santimita 27 tana buƙatar takalmin da cikinsa ya kai 28 zuwa 28.5. Sai ka auna wurin da ya fi faɗi, ka rubuta.

Yanzu kwafi zanen a kan kwali, haɗe da ƙarin da ka yi a gaba, ka yanke shi da almakashi. Wannan kwalin shi ne ƙafarka ta tafi-da-gidanka. A kasuwa za ka zura shi cikin takalmi, in gefensa ya naɗe, takalmin ya yi maka kaɗan, ba sai ka cire naka ba. In wani za ka aika ya sayo maka, shi za ka ba shi.

Wani abu da ya kamata mu sani game da ƙafarmu: da yawa daga cikinmu da silifas da fade muka tashi, wasu ma ba takalmi, don haka yatsunmu a baje suke, ƙafar na da faɗi. Wannan riba ce, irin wannan ƙafa ta fi saurin sabawa. Amma yana nufin ko a cikin takalman shafal ɗin akwai waɗanda za su matse mu. Na kamfanin Merrell, alal misali, sun fi ɗan tsukewa a gaba idan aka gwada da na kamfanin Xero ko Altra.

MATAKI NA 3: Gwada ƙarfin ƙafar

Cire takalmi. Tsaya da ƙafa ɗaya na daƙiƙa 30 ba tare da dafa komai ba. Sannan ka dafa bango da yatsa ɗaya, ka ɗaga dunduniya ka sauke a hankali da ƙafa ɗaya, sau 15 zuwa 20. In ka iya duka ba zafi, bismillah. In ka kasa, ba a hana ka saye ba, amma lokacin sabawarka zai ninka.

Juya tsohon takalminka ka dubi ƙasansa. In bayan dunduniya ya cinye sosai alhali gaba lafiya lau, kai mai dira da dunduniya ne da ƙarfi, kuma siririn takalmi zai nuna maka haka tun ranar farko. 'Yan'uwa mata da suka daɗe da takalmi mai tsini, da maza masu yini cikin sau-ciki na ofis, su ma su sa ran agararsu za ta yi ƙorafi, domin ta saba da dunduniya a ɗage.

MATAKI NA 4: Zaɓi inda za ka saya

Sabo dal daga kamfanonin da suka yi suna, irin su Vivobarefoot na Ingila ko Xero Shoes na Amurka, yawanci ya haura dala 100 kafin kuɗin kawowa. Ban ba sabon shiga shawarar ya fara da nan ba, don bai ma san ko abin zai karɓe shi ba. Akwai masu sauƙin kuɗi da ake yi a Chana, kamar Saguaro da Whitin, ana samun su a AliExpress, wani lokaci a Jumia ko Jiji. Don gwaji na farko sun isa. In ta intanet za ka saya, ka yi watsi da lamba, ka nemi jadawalin da ke nuna tsawon ciki da santimita, ka gwada da awonka. Mai sayarwa a Jiji kuwa, ce masa ya ciro shimfiɗar cikin takalmin ya ɗora tef a kai ya turo hoto, kuma kada ka tura kuɗi kafin ka ga kaya.

Hanya ta uku ita ce gwanjo, kuma ita na fi bi: Yaba, Katangowa a Abule Egba, da Aswani ranar Talata. Sammako ake yi, kafin a tsince na kirki. Kada ka tsaya kana yi wa mai kaya dogon bayani, nuna masa hoto a waya. In kana da ɗan'uwa mai tebur a kasuwar, bar masa hoton da kwalin ƙafarka, ka ce in an fasa dila ya ga irinsa ya ajiye maka. Sau da yawa irin waɗannan takalma kan daɗe a tebur, domin masu saye mai tudu suke nema, sai ka samu da sauƙi.

MATAKI NA 5: Gwada shi a hannu

Ɗauki takalmin ka yi masa waɗannan gwaje-gwaje tun kafin ka zauna.

Naɗe shi daga gaba zuwa baya. Na gaske zai naɗu har hancinsa ya taɓa dunduniya ba tare da ka yi nishi ba. Sannan ka murɗa shi kamar kana matse wanki. In ya ƙi, ajiye.

Sa babban yatsanka a ciki wajen dunduniya, manuni a waje, ka matsa ka ji kauri. Yi haka a gaba, wajen tushen yatsu. Kaurin ya zama ɗaya ko kusa da haka. Kada ka yarda da idonka a nan, domin wasu takalman daga waje a shimfiɗe suke, amma an ɓoye tudun a ciki.

Shafa cikinsa. In ka ji wani ƙullutu a daidai ramin tafin ƙafa, duba ko a jikin shimfiɗa yake. In a shimfiɗa ne ana iya cire ta, in a jikin takalmin aka gina shi, ba naka ba ne.

Dube shi daga sama. Gefen babban yatsa ya tafi a miƙe, kada ya karkato tsakiya ya yi tsini. Wuri mafi faɗi ya kasance wajen yatsu. Nan ne kambas da yawa marasa tudu ke faɗuwa: ƙasa a shimfiɗe, amma gaba a tsuke.

Nauyi kuma, ɗauki ƙafa biyun a hannu ɗaya, ledar fiya wata a ɗaya hannun. Ledar rabin kilo ce. In takalmin ya fi ta nauyi sosai, ya fita daga sahun shafal.

A kula da wani tarko: takalmin shiga ruwa, wanda ake yi don bakin teku. Ya yi kama da abin da kake nema, siriri ne, yana naɗuwa, ga araha. Amma ba shi da igiya, ƙafa na yawo a ciki, kuma robarsa ba ta jure kwalta. Silifas ma haka, duk da siririn ƙasansa. Tun da ba abin da ya riƙe dunduniya, yatsu ne ke damƙe shi a kowane taku, kuma gudu da shi neman faɗuwa ne.

MATAKI NA 6: Gwada shi a ƙafa

Ciro shimfiɗar ciki ka ajiye a ƙasa, ka taka ta a tsaye da safa. In yatsunka sun zubo ta gefe, magana ta ƙare. In sun zauna a kai, kuma akwai sarari kamar faɗin babban yatsan hannu a gaba, mayar da ita ka sa takalmin, ƙafa biyu.

Ɗaure igiya. Abin da ake so shi ne tsakiyar ƙafa da dunduniya su kamu, yatsu su sake. Motsa yatsun, buɗe su, ɗaga babban shi kaɗai. Durƙusa ka lanƙwasa yatsun kamar yadda suke a sujada, ka ji ko saman takalmin na cizon tushensu. Yi taku 20, yi ɗan tsalle, ka tsaya farat ɗaya ka ji ko yatsu na dukan gaba.

Sabon shiga yakan ji kamar takalmin ya yi masa yawa, don bai saba da sarari ba. Muddin dunduniya ba ta fita, daidai ne. Mai kaya kuma zai ce maka, “Alhaji, ai zai buɗe in ka sa shi kwana biyu.” Fata takan ɗan buɗe, amma yadin roba da ake yin yawancin waɗannan takalma da shi ba ya buɗewa, tsawo kuma ba ya ƙaruwa ko kaɗan. Wanda ya matse a kasuwa, matsewa zai yi ta yi.

Samansa ya zama mai huda-huda da iska ke shiga. Garin nan akwai gumi, ga alwala sau biyar, ƙafa na shiga takalmi da danshi. Fata mai kauri ko roba rufaffiya za ta jawo maka wari da ƙaiƙayin tsakanin yatsu.

In gwanjo ne, ƙara da waɗannan: ɗaga shi sama ka duba ko haske na ratsa ƙasan, lanƙwasa shi ka ga ko roba na tsattsagewa (takalmin da ya daɗe a ajiye robarsa kan bushe), ja gefe ka ga ko gam ya saki, ka kuma tabbata lambar hagu da dama ɗaya ce. Siririn ƙasa in ya cinye rabi, saura me? Araha ba ta ado. Sai bayan ka gama duk wannan za ka buɗe baki ka yi tayi, kuma kada ya ga ɗokinka.

IN BA KA SAMU BA

Akwai mafita biyu. Ta farko, nemi kambas na yadi mai shimfiɗaɗɗen ƙasa, irin na 'yan makaranta, ka ƙara lamba ɗaya don yatsu su samu wuri, ka cire shimfiɗar in tana da tudu. Don tattaki ya wadatar.

Ta biyu, a yi maka. Mutanen Raramuri na ƙasar Meziko sun shahara da gudun nesa a kan duwatsu, kuma takalminsu guntun taya ne da igiyar fata. Mu ma takalmin taya ba baƙo ba ne a wurinmu. Kai wa shumeka ko baduku kwalin ƙafarka, ya yanka maka roba mai kaurin milimita 6 zuwa 8 (ana samun falle-fallenta a kasuwar fata ta Mushin), ya sa maɗauri a kan ƙafa da wanda zai zagaye dunduniya. Jaddada masa cewa ba ka son ya ƙara dunduniya, domin hannunsu ya saba, sai ka dawo ka tarar ya manna maka ita don “ya yi kyau”. In taya zai yi amfani da ita, ta zama wadda ba waya a ciki. Illarsa ɗaya: yatsu a waje suke, ba na layin da kwata ta ɓalle ba ne.

MATAKI NA 7: Saba da shi da tafiya

Ko da gudu ne burinka, da tafiya za ka fara. Makon farko da na biyu, rabin awa zuwa awa ɗaya a rana, a cikin gida da unguwa, sauran yinin ka koma tsohon takalminka. Kada ka jefar da shi. Daga nan ka riƙa ƙara kamar rabin awa duk mako, har ka iya yini da shi ba ciwo. Ga wanda ya tashi da silifas, wata ɗaya kan isa. Ga ɗan sau-ciki, wata 2 ko fiye.

Taƙaita taku. A tafiya ba laifi dunduniya ta fara sauka, haka ake tafiya, amma a hankali, ba dira ba. In kana jin ƙarar sawunka tim-tim, takun ya yi tsawo.

A wannan lokaci ka riƙa ƙarfafa ƙafa a gida, minti 5 ya isa: ɗaga dunduniya da saukewa a bakin matakala, tattaro tawul da yatsun ƙafa, buɗe yatsu da rufewa, da tsayuwa da ƙafa ɗaya yayin da kake goge baki.

MATAKI NA 8: Fara gudu

Sai ka yi makonni kana yini da shi lafiya. Ranar farko minti 5 kawai, ko ka ji kamar za ka iya zagaye Legas. Za ka ji hakan kuwa, don takalmin ba nauyi, kuma nan ne ake cin mutane. Huhu da cinya sun saba, amma ƙashin ƙafa da agara sun fi tsoka jinkirin sabawa, kuma ba sa kuka sai bayan kwana ɗaya ko biyu. In kai mai gudu ne tun da, yi gudunka da tsohon kambas, minti 5 na ƙarshe ka canza. Huta kwana ɗaya a tsakani. Ƙari kada ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako.

Yadda ake takawa: gajeren taku mai sauri, ƙafa ta sauka a ƙarƙashin jikinka ba can gaba ba. Ƙirga takun ƙafar dama na daƙiƙa 30, in ka samu 42 zuwa 45 kana kan hanya. Babban kuskure shi ne gudu da sanɗa, a kan yatsu, dunduniya ba ta taɓa ƙasa. Wani ya ji an ce ba a dira da dunduniya, sai ya rataye ta a sama gaba ɗaya, kwana uku sharaɓa ta ɗaure. Tsakiyar ƙafa ke fara sauka, dunduniya ta biyo ta sumbaci ƙasa, sannan a ɗaga.

Fara a wuri sumul wanda kake ganin abin da ke gabanka. Bayan sallar asuba, da gari ya ɗan waye, shi ne lokacin: kwalta ta huce, motoci ba su yi yawa ba. Gadar Lekki zuwa Ikoyi tsawonta kilomita 1.36 ne, tana da tsabta, amma tana da hawa da gangara, kuma gangara na dukan gaban ƙafa, don haka bar ta sai wata na biyu. Yashin bakin teku ma yana jan agara fiye da yadda ake zato. Titin da aka shimfiɗa wa bulo, kula da inda ya ɗaga.

Ka iya rarrabe ciwo. Tsamin sharaɓa da tafin ƙafa wanda ke sauka cikin kwana 2, wannan na sabo ne. Amma zafi a wuri ɗaya a saman ƙafa wanda za ka iya nunawa da yatsa, ko kumburi, ko sukar dunduniya a takun farko da safe, ko zafin agara da ba ya sauka, waɗannan tsayawa ake yi. In mako ya wuce bai lafa ba, ko kana ɗingishi, je asibiti. Asibitin ƙashi na Igbobi aikinsu ke nan. Kada ka kai tsagewar ƙashi wurin mai tausa ya murza.

Masu harin gasar gudun Legas da ake yi tun 2016, yawanci a watan Fabrairu, mai kilomita 42, kada su canza takalmi saura 'yan watanni. Za a ce maka ai Abebe Bikila na Habasha ba takalmi ya ci gasar Olamfik a Rum a 1960. Gaskiya ne, amma ƙafar da ya yi gudun da ita ta shekara da shekaru tana taka ƙasa.

MATAKI NA 9: Kula da shi

Damina a nan daga Afrilu zuwa Yuli ba ta wasa, ga ta Satumba da Oktoba. Siririn takalmi nan da nan yake jiƙa, amma nan da nan yake bushewa. In ka shiga ruwan kwata, wanke shi ranar da sabulu da tsohon burushi, ka wanke ƙafarka ma, ka duba ko ka yanke. Ciro shimfiɗa, cusa tsohuwar jarida, ka shanya a inuwa mai iska. Kada ka ɗora shi a kan kwano ko kusa da janareta, zafi na sakin gam. In da hali, ka mallaki biyu kana musanyawa.

Duk mako juya shi ka ciro tsakuwa da guntun kwalba da suka maƙale. Tun da ba soson da zai mutu a ciki, ƙasan kawai za ka riƙa dubawa: in zanen ya shafe har yana santsi a kan tayil mai ruwa, ko ka fara jin tsinin tsakuwar da da ba ka ji, lokacin gyara ya yi. Shumeka zai iya manna masa siririyar roba ta milimita 2 ko 3 daga gaba har baya, falle ɗaya, ƙafa biyun duka. Tsaya a kansa har ya gama, kada ya sa kauri a dunduniya.